Albashi da Kaka: Ƙalubalen Aiwatar da Inshorar Lafiya ta Gwamnati a Ƙaramar Hukumar Kafin Hausa

1.0 Gabatarwa

A ranar 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS. Babban sauyin da dokar ta kawo shi ne wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya da duk mazaunin ƙasar bisa ƙa'ida, tare da tanadin asusu na musamman domin masu rauni, waɗanda gwamnati ta ce sun kai mutum miliyan 83. Kafin nan, binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke da wata inshorar lafiya. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen jinya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Manufar wannan takarda ita ce nazarin matsalolin da ke tasowa idan aka sauko da wannan gyara daga takardar doka zuwa ƙaramar hukumar karkara, kuma an ɗauki Kafin Hausa ta Jihar Jigawa a matsayin fagen nazari. Matsayin takardar shi ne: an gina tsarin a kan ma'aikaci mai albashin wata, alhali mafi yawan magidantan fadamun Haɗejiya da kaka suke samun kuɗi, da damina kuma suke jinya. Wannan saɓani, da kuma abin da mai kati ke tararwa idan ya je asibiti, sun fi ƙarfin bayani a kan ƙarancin shiga tsarin fiye da "rashin wayewa" da aka saba jinginawa jama'a.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Arrow (1963) ne ya aza harsashin tattalin arzikin kiwon lafiya, inda ya nuna cewa jinya ta bambanta da sauran haja domin ba a san lokacin zuwanta ba, kuma likita ya fi majinyaci sanin abin da ake saye. Akerlof (1970) ya bayyana yadda wannan rata ta sani ke rusa kasuwa. A fagen inshora, hakan na nufin idan shiga ta zama ganin dama, masu ciwo ne za su riga kowa yin rajista, masu lafiya su noƙe, asusu ya kasa ɗaukar nauyinsa. A wannan takarda za a kira wannan yanayi rinjayen majinyata. Kutzin (2001) ya karkasa aikin kuɗin lafiya zuwa tara kuɗi, da gwama su a asusu ɗaya, da sayen jinya da su, rabon da Rahoton Lafiya na Duniya na 2010 ya ci gaba da amfani da shi.

Game da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ra'ayi ya rabu biyu. Ɓangare na farko ya dogara ga gudummawar al'umma, tun daga Yunƙurin Bamako na 1987 wanda ya haifar da asusun magani mai juyawa, har zuwa ƙananan inshorar ƙauyuka. Ekman (2004) ya bi diddigin binciken da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shirye, ya ga suna rage biya daga aljihu gwargwado, amma ba su tara kuɗi mai yawa kuma ba su cika kaiwa ga mafi talauci ba. Ɓangare na biyu na ganin haraji ne kaɗai zai ɗauki waɗanda ba su da albashi, kuma hujjarsa ita ce Tailan, wadda ta faɗaɗa jinya ga kowa a 2002 da kuɗin baitulmali, da Gana, wadda dokarta ta 2003 ta jingina asusun inshora da ƙarin kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki. Ana yawan kawo Ruwanda a matsayin nasarar gudummawar al'umma, sai dai can ma an wajabta shiga, kuma gwamnati da masu tallafi ne suka ɗauki nauyin marasa hali.

A gida Nijeriya, shirin inshorar al'umma na Jihar Kwara da aka fara a Shonga a 2007 ya nuna cewa manoma na shiga idan an gyara asibiti tukuna kuma an sassauta kuɗin ƙwarai. Ya kuma nuna cewa shirin na tangal-tangal da zarar kason gwamnatin jiha ya tsaya. Abin da waɗannan ayyuka ba su zurfafa a kansa ba shi ne lokaci: wane wata kuɗi ke shiga gida, wane wata ciwo ke shiga.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da nazarin takardu. Tushen bayanai su ne dokar NHIS ta 1999, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da dokar NHIA ta 2022, da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na ƙidayar 2006. An auna tanade-tanaden waɗannan dokoki da yanayin ƙasa, da sana'a, da tsarin iyali na Kafin Hausa, bisa rabe-raben Kutzin guda uku, aka ƙara musu na huɗu, wato isa ga asibiti. Inda aka yi lissafi, an nuna alƙaluman da aka gina shi a kansu.

4.0 Fagen Nazari da Tarihin Gyaran

Kafin Hausa ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, kuma ɗaya daga takwas da ke ƙarƙashin Masarautar Haɗejiya. Tana da mazaɓu 11, cikinsu har da Bulangu, da Sarawa, da Ruba, da Mezan, da Zago. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum wajen dubu 270. A nan Jami'ar Sule Lamiɗo take, wadda aka kafa a 2013, kuma garin ne mahaifar Gwamna Umar Namadi da ya hau mulki a Mayun 2023. Kogin Kafin Hausa, wanda reshe ne na Kogin Haɗejiya, ya ratsa yankin. Jama'a manoma ne na gero, da dawa, da riɗi, da shinkafa, da masunta, da makiyaya. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya sanya kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa a ƙasan mizanin talauci.

An kafa NHIS da doka mai lamba 35 ta 1999, amma sai a Yunin 2005 aka ƙaddamar da shi, kuma kusan ya tsaya ne a kan ma'aikatan tarayya. A 2015 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince kowace jiha ta kafa tata hukumar. Kano ta yi dokarta a 2016. Jigawa ta kafa tata, wato JICHMA, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Jihar ba baƙuwa ba ce ga gyaran fannin lafiya: a 2007 ta fito da tsarin Gunduma, wanda ya haɗe asibitocin matakin farko da na biyu ƙarƙashin gundumomi tara, kafin daga baya a mayar da matakin farko ga hukuma ta musamman. Ta kuma daɗe da shirin jinya kyauta ga masu ciki da ƙananan yara, da shirin Haihuwa Lafiya na kai masu naƙuda asibiti.

Bayan shirin ƙasa da na jihohi, ƙafa ta uku ta gyaran ita ce Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda sashe na 11 na dokar 2014 ya kafa. Ana zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware rabi domin inshorar marasa hali, kashi 45 domin magani da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 domin agajin gaggawa. Shekara huɗu asusun yana kan takarda. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, naira biliyan 55.1.

5.0 Nazari

5.1 Albashin wata da kuɗin kaka

Tsarin da aka gada daga NHIS ya ɗora kashi 10 cikin 100 na gundarin albashi a kan mai ba da aiki, kashi 5 a kan ma'aikaci. Cirewa daga tushe na da sauƙi, domin kuɗin ba ya isa hannun mai shi balle ya yi shawara. A Kafin Hausa wannan ya shafi malaman makaranta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da na asibiti, da na jami'a. Su ne 'yan tsiraru. Sauran jama'a sai dai su kai kuɗi da ƙafarsu.

Shekarar manomin fadama ba a miƙe take ba. Kuɗi na shigowa daga Oktoba zuwa Disamba idan an yi girbin gero da riɗi da shinkafar damina, sannan a samu wani kason wajen Maris da Afrilu ga mai noman rani. A lokacin nan ne kuma ake biyan bashin taki, a yi aure da suna, a sayi dabbar kiwo, matasa su tafi cin rani. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, aikin gona ya riƙe kowa, kuma daidai nan zazzaɓin cizon sauro ke kai ƙololuwa, amai da gudawa su biyo ambaliya, tamowa ta bayyana a jikin yara. Wato ranar da magidanci ya fi ganin amfanin kati ita ce ranar da ba shi da abin yankarsa, ranar da yake da kuɗin kuma kowa a gidan lafiya lau yake.

Daga wannan, abu biyu ke fitowa. Idan aka bar ƙofar rajista a buɗe duk shekara, jama'a za su zo ne bayan ciwo ya kama, rinjayen majinyata ya tabbata. Idan aka sa wa'adin jira tsakanin rajista da fara amfani da kati, kamar yadda kowace inshora ke yi don kare asusunta, wanda ya biya cikin Agusta zai ga an karɓi kuɗinsa ba a duba ɗansa ba, labarin kuma ya zaga majalisa kafin la'asar. Mafitar da ta dace da yankin ita ce karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya a lokacin kaka, ta hannun ƙungiyoyin manoman shinkafa, da na masunta, da na masu amfani da ruwan madatsa, a kuma yi rajistar gida ɗungurungum maimakon mutum ɗaiɗai. Ko da haka, a jihar da kusan mutum tara cikin goma ke ƙasan mizanin talauci, gudummawar son rai ba za ta taɓa zama ginshiƙin asusu ba. Wajabcin da dokar 2022 ta kawo ba shi da hannun kama wanda ba ya cikin takardar albashi.

5.2 Iyalin doka da iyalin gida

Ƙa'idar NHIS ta ɗauki iyali a matsayin ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. A Jigawa, binciken 2018 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya wajen bakwai, auren mace fiye da ɗaya ruwan dare ne, kuma gida na ƙunshe da iyaye tsofaffi da 'ya'yan riƙo. Malamin firamare mai mata biyu da 'ya'ya tara, idan aka bi wannan ƙa'ida, ana tilasta masa zaɓen wace mata da waɗanne 'ya'ya za su shiga, zaɓin da ke karo da wajibcin adalci tsakanin mata. Abin da ke biyo baya sananne ne: aron kati, a kai ɗan da ba shi da rajista da sunan wanda ke da ita. Hukuma na kallon wannan a matsayin maguɗi, alhali ƙa'idar ce ta haife shi. Yana kuma gurɓata bayanan jinya, domin tarihin ciwon yara biyu na haɗuwa a fayil ɗaya.

5.3 Matsayin shari'a

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, amma ta halatta wadda aka gina a kan taimakon juna. Wannan ne ya sa Kano da Jigawa da wasu jihohin Arewa suka gabatar da nasu shirin a matsayin taimakekeniya. Matakin ya kawar da babban cikas, kuma tunanin tara kuɗi don ranar buƙata ba baƙo ba ne ga mutanen da suka saba da adashi da gudummawar biki. Tambayar da ta saura ita ce ta mai adashi: wanda ya zuba shekara guda bai yi ciwo ba, ina kwasarsa? Amsar ita ce kuɗin sadaukarwa ne ga asusu, kuma sai an faɗi haka ƙarara tun ranar rajista. Akwai kuma shawarar amfani da zakka wajen biya wa mabuƙata, tunda masarautun Jigawa na da kwamitocin zakka masu aiki. Malamai sun saɓa a kan sharaɗin mallaka wa matalauci abin a hannunsa, don haka waƙafi da sadaka sun fi sauƙin shiga wannan gurbi.

5.4 Gurbin masu rauni

Nan lissafi ya fi magana. An ƙayyade naira 12,000 a shekara ga kowane mutum da asusun matakin farko ya ɗauka. Rabin naira biliyan 55.1, idan aka raba da wannan adadi, zai ɗauki mutum miliyan 2.3 ne kawai a faɗin ƙasa. Ɗaukar miliyan 83 a kan farashin nan na buƙatar kusan naira tiriliyan 1 a kowace shekara. Saboda haka abin da ke isa kowace mazaɓa gurabe ne ƙidayayyu.

Raba gurabe kaɗan a cikin matalauta masu yawa aiki ne mai jawo husuma. Rajistar marasa galihu ta ƙasa ta dogara ga al'umma ta nuna matalautanta, amma a ƙauyen da ambaliya ta cinye gonakinsa, wanda ke da rufin asiri bara shi ne mabuƙaci bana, rajistar kuwa ba ta sabuntuwa da saurin ruwa. Sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa na tace waɗanda aka fi nufi: tsofaffi, da matan da ba su cika fita ba, da makiyayan da ke rugage. Idan kuma rabon ya bi ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, kati na komawa kyautar jam'iyya. Raba gurabe daidai wa daida tsakanin mazaɓu 287 na jihar na da sauƙin karewa a siyasance, sai dai mazaɓun ba su yi daidai a yawan jama'a ko a nauyin ciwo ba. Ɗaukar rukuni sukutum, kamar duk mai ciki da duk yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ya fi sauƙin tantancewa, domin ciki da ƙuruciya ba su buƙatar shaidar kowa. Jamhuriyar Nijar ta bi wannan hanya tun 2006, kuma zuwa asibiti ya ƙaru, amma jinkirin biyan cibiyoyi kuɗinsu ya bar su da tarin bashi da kantoci babu magani.

5.5 Kati da magani

Ana biyan cibiyar matakin farko ne da kuɗin kan mutum, wato wani adadi tsayayye kowane wata a kan duk mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Babban asibiti kuma ana biyansa gwargwadon aikin da ya yi. A tsarin ƙasa, kuɗin kan mutum ya tsaya a naira 750 sama da shekara goma, sai a 2024 aka fara ɗaga shi. A tsakanin nan an cire tallafin fetur a Mayun 2023, an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, magungunan da akasari daga waje ake shigo da su ko sinadaransu suka ninka kuɗi.

Cibiyar da kuɗinta ya tsaya cak farashi na gudu ba ta da zaɓi mai yawa. Ko ta rubuta wa mai kati magani ya saya a waje, ko ta fifita mai biya nan take, ko ta tura majinyaci gaba da ciwon da za ta iya magancewa. Kowanne daga ciki na koya wa jama'a cewa kati ba ya aiki. Magidancin da ya biya kuɗin shekara, ya biya kuɗin babur, ya yi layi, sannan aka ba shi takarda ya nufi kemis, ya yi lissafinsa daidai idan ya ƙi sabunta rajista. Mai kemis na kusa, yana buɗe da dare, yana ba da bashi zuwa kaka, yana sayar da ƙwaya biyu ga wanda ba shi da kuɗin goma. Shi ne abokin gasar inshora na haƙiƙa, ko da yake maganin da yake bayarwa sau da yawa bai cika ƙa'ida ba.

Jinya kyauta da jihar ta riga ta tanada ga masu ciki da yara ta ƙara wata sarƙaƙiya. Idan kyautar na aiki, dalilin biyan kuɗin inshora ya ragu ga rukunin da ya fi zuwa asibiti. Idan ba ta aiki, ta zama shaida a kan alkawarin gwamnati. Gwama kuɗin shirye-shiryen biyu a asusu ɗaya, mai jerin magani ɗaya da hanyar biya ɗaya, shi ne abin da rabe-raben Kutzin ke nuni da shi.

5.6 Ruwa, hanya da ma'aikata

Manufar ƙasa ita ce cibiya ɗaya mai cikakken aiki a kowace mazaɓa, kuma a ita ake ɗaure rajistar mutum. A tudu wannan na iya wadatarwa. A fadamun Haɗejiya, ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, haɗe da ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin kogi, na malala cikin Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. Ƙauye na iya yankewa daga cibiyar mazaɓarsa makonni, ya zama cibiyar wata mazaɓa ko ta ƙaramar hukumar Auyo ce ta fi kusa da kwalekwale. Katin da ke aiki a cibiya ɗaya tak ba shi da amfani a irin wannan lokaci, haka ma ga ɗan cin rani da ke Kano ko Legas, da makiyayin da ya bi ciyawa. Thaddeus da Maine (1994) sun nuna cewa jinkirin isa asibiti na daga manyan sanadin mutuwar masu haihuwa, kuma inshora ba ta biyan kuɗin mota ko na jirgin ruwa. Wannan giɓi ne Haihuwa Lafiya ta nufa, don haka raba ta da tsarin inshora asara ce. Ƙarancin ungozomomi da likitoci a karkara kuma na nufin cibiya na iya samun rajista da kuɗi amma ba ta da mai karɓar haihuwa da tsakar dare.

5.7 Iyakar abin da kati ya ƙunsa

Ƙunshin jinya na asusun matakin farko ya fi karkata ga awon ciki, da haihuwa, da cututtukan yara, da zazzaɓi, da gwajin hawan jini da ciwon suga. Zaɓi ne mai hujja, domin nan kuɗi kaɗan ke ceton rai da yawa. Sai dai yankin Haɗejiya, kamar maƙwabcinsa na Gashuwa a Jihar Yobe, ya yi suna da yawan ciwon ƙoda. Wanda ƙodarsa ta gaza na buƙatar wanki sau biyu zuwa uku a mako har ƙarshen rayuwa ko dashe, kuma irin wannan jinya ce ke sa a sayar da gona da shanun huɗa. Tsarin inshora na ƙasa ya taƙaita abin da yake ɗauka na wankin ƙoda. Asusun jiha mai 'yan rajista kaɗan ba zai iya ɗaukarsa gaba ɗaya ba, domin majinyata ɗari kaɗan sun isa su cinye kason dubbai. Abin da ke hannun cibiyar mazaɓa shi ne gwajin hawan jini da suga da fitsari akai-akai, da tabbatar da maganin hawan jini bai yanke ba, da maganin tsargiya ga masunta da manoman shinkafa. Wankin kansa na buƙatar asusu dabam na manyan cututtuka, wanda ake gwamawa a matakin jiha ko na tarayya, ana kuma cike shi daga baitulmali.